Ƙusar da Ke Jiran Hoton Baba

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa ta girmamawa, tare da roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ki lafiya, ke da maigidanki da 'yar jaririyar da har yau ba mu ɗauka a hannunmu ba sai dai mu gan ta a waya. Allah Ya raya mana ita, Ya ba ki lafiyar shayarwa, Ya kuma sa ba ta gado kukanki ba, don Inna ta ce ke kam wata shida kika yi kina hana maƙwabta sakat. Mu nan da sauƙi. Gwiwar Inna tana nan yadda kika bar ta, amma ba ta hana ta tsayawa a kan mai gyaran famfo ba, wanda ya zo sau uku, famfon kicin kuma yana ɗiga kamar ba a taɓa shi ba. Gwaggo ta zo ta yi mana kwana biyu, ta wanke labulen gidan kaf ta koma. Baba yana cin abu mai ruwa-ruwa, yana shan magani a kan lokaci. Likita ya tsayar da rana: Laraba mai zuwa da safe za a kwantar da shi, Alhamis a yi aikin maƙogwaron. Na san kina sa shi a addu'a, ki ƙara.

Yaya, na san ranki a ɓace yake da ni. Kin kira ban ɗauka ba, kin turo saƙo har sau biyar kina tambaya ina hoton Baba, ni kuwa kullum sai in ce miki ina zuwa. Wallahi ba raini ba ne. Kin san gidanmu, bangonsa ba ya riƙe magana, kunnen Baba kuwa ko cokali ne ya faɗi a kicin sai ya gaya miki babba ne ko ƙarami. Shi ya sa yau Asabar na zauna a shago na turo ƙofa ina rubuta miki a takarda, in na gama in ɗauki hoton shafukan in turo miki. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san inda karatuna ya tsaya. Maganar a taƙaice ita ce babu hoton. Ban ɗauka ba. Ina tsaye a wurin, kyamara a idona, Baba a tsakiyar gilashi, amma ban ɗauka ba. Ki daure ki karanta har ƙarshe kafin ki kira ki wanke ni, don akwai abin da zan roƙe ki, kuma kwana uku kacal suka rage mana.

Ba sai na tuna miki ba cewa shekara talatin da huɗu Baba ya yi yana waƙa a ƙungiyar mawaƙan zauren kiɗa, a layin baya can wurin masu kaurin murya, kuma a duk shekarun nan abokin waƙarsa Dogo, mai tsawon nan, shi ne ke tsaye a gabansa. Kin san kundin hotunan da Inna ke ajiyewa a ƙarƙashin gado. Hoto talatin da wani abu, duk na ƙungiya, kuma a kowanne abin da ake gani na Baba shi ne goshi da gira ɗaya a bayan kunnen Dogo. Inna takan ce ita mutum sukutum ta aura amma zaure goshi kawai yake mayar mata, kuma in aka jera hotunan za a ga yadda gashin ke ja da baya shekara-shekara. Muna dariya, shi ma yana yi. Ranar da likita ya ce abin da ya tsiro masa a maƙogwaro sai an yanke, kuma bayan aikin in an yi sa'a zai iya magana ƙasa-ƙasa amma waƙa dai an gama, daga ranar ba wanda ya ƙara buɗe kundin nan. Madugu, wato mai sandar nan da ke jagorantar makaɗa, da labari ya kai masa sai ya ce ba zai bar Baba ya fita ta ƙofar baya ba. Ya ba shi baiti takwas a waƙar ƙarshe ta wasan Lahadin da ta wuce, ya rera shi kaɗai a gaban dandamali. Ke ce kika fara cewa in ɗauko miki wannan tsayuwar ki ajiye wa 'yarki.

Sai na bayyana miki yadda aikin namu yake, in ba haka ba za ki ɗauka taɓuwa na yi. Hoton makaɗan zaure ba irin na biki ba ne da za ka yi ta ƙyas-ƙyas kana cewa a matso a yi murmushi. Mutum ɗari bakwai za su zauna ko tari ba sa yi, su haɗiye shi har hawaye ya fito musu. Ba a kunna filasha, wato hasken kyamara. Takalmina na roba ne, rigata baƙa, wurin tsayuwata bayan labulen gefen hagu, inda akwai wani katako guda da ke kuka in an taka shi, na san shi kamar yadda na san sunana. Kyamarar da Maigida, wanda ya koya mini hoto, ya bar mini da ya ajiye aiki tsohuwa ce. Idonta ya fi na sababbin da yawa, amma in ka danna sai ta ce ƙyas, kuma a cikin shirun zaure har layin ƙarshe ake jin wannan ƙyas ɗin. Don haka doka ɗaya ce a sana'ar: ba ka dannawa sai kiɗa ya yi ƙarfi ya rufe ka. Ni ban iya karanta takardar kiɗan nan mai ɗige-ɗige ba, sai na koyi karanta mutane. In mai manyan ganguna ya goge tafinsa a wando ya ɗaga sanduna, in masu ƙaho suka zubar da ruwan da ya taru a ciki suka kai baki, in kafaɗun Madugu suka fara tashi, to ƙara na tafe, sai in shirya. In kuwa masu goge suka kwantar da kai kamar masu lallashin yaro, sai in ɗauke yatsa gaba ɗaya daga maɓalli.

Ba da daɗi na koyi wannan ba. A shekarata ta farko, ranar gwaji, mai fiyano tana cikin wani wuri mai laushi kamar ɗigar ruwa, na ga haske ya faɗo mata a bayan hannu, ban san lokacin da na danna ba. Madugu ya sauke sanda, kiɗa ya tsaya cak. Ya juyo a hankali ya tambaya wai wane ne ya zo da gyaɗa yake ɓarewa a zaurensa, in da saura a miƙo masa shi ma. Mutum sittin suka kwashe da dariya. Har yau Mai Gyaɗa suke kirana, har masu shara. Daga ranar Maigida ya riƙa tsayawa a bayana riƙe da kunnena, da zarar yatsana ya motsa a wurin shiru sai ya murɗe. Wata huɗu muka yi a haka, bayan nan ban ƙara bukatar hannunsa ba. Shekara shida ke nan ba a ƙara jin ƙyas ɗina a inda bai kamata ba, kuma da abin nake taƙama, har nakan ce wa mutane yatsana ya fi ni hankali.

To baitocin Baba a wurin da ya fi ko'ina shiru suke. Duk makaɗa su yi tsit, babban goge guda ɗaya ne ke bin sa a ƙasa kamar numfashi, in ya gama gogen ya raka shi har ya koma layinsa, sannan ganguna su faɗo da ƙungiyar duka. Tun a gwaji na ga haka, kuma ban zauna ba. Na yi wa kyamarar akwati da kwali da soso, na naɗe da tsohuwar rigar sanyin Inna. Na je wurin mai ɗaukar sauti, wanda muke kira Kunne, don za a naɗi wasan. Ya sa abin jinsa, na danna, ya ce wai har yanzu yana jin gyaɗar, amma kamar a ɗakin maƙwabta ake ɓare ta, kuma saboda Baba ya yafe mini guda uku, zai san yadda zai share su daga baya. Madugu ma ya ja ni gefe ya ce ranar Lahadi kunnensa na hagu zai tashi da ciwo, ba abin da zai ji daga wajen labule. Kin gani, Yaya, kowa ya buɗe mini hanya. A gwajin na so in ɗauki ko guda ɗaya in ajiye, Baba ya ɗaga mini hannu. A zaune yake da mayafi a wuya, yana yin baitocin da rabin murya don ya tara ƙarfi. Ya ce kada in ɗauke shi kamar majinyaci, in jira ranar da ya sa baƙar kwat da farar riga. Na bi maganarsa. Da na yi masa kunnen ƙashi ranar, da yanzu ba wannan takardar nake rubutawa ba.

Ana gobe wasa da safe muka ji bugu a falo. Muka fito muka tarar da shi a kan kujera da guduma, ya sauke agogon bango ya kafa sabuwar ƙusa a tsakiya, daidai inda mai shigowa zai fara kai ido. Inna ta ce ya sauko kada ya karye kafin likita ya samu abin yankawa. Ya ce a ƙyale shi, ya gaji da nuna wa baƙi goshinsa.

Wasan ƙarfe huɗu na yamma ne, zaure ya cika har da na tsaye. Da aka zo wurin, Dogo ya matsa masa, har ya ɗan dafa kafaɗarsa yana wucewa. Taku goma sha ɗaya na ƙirga daga layin baya zuwa gaban dandamali. Ya tsaya, ko takarda bai riƙe ba, fitilar sama ta sauko masa a gefen fuska. Yaya, ban taɓa ganin Baba haka ba. A gida mun san shi da ɗan ranƙwafawar nan, a nan kuwa kamar an zare masa shekara ashirin daga gadon baya. Ya ja numfashi, na ga haƙarƙarinsa ya buɗe a cikin kwat, kafaɗunsa suka sauka, jijiyar wuyansa ta tashi, idonsa ya tafi can saman zaure inda ba kowa. Muryar ta fito ƙasa-ƙasa, mai kauri, da ɗan tsatsa a gefenta wanda ciwon ya jawo, kuma tsatsar nan ce ta sa wata mata a layi na biyu ta rufe bakinta da hannu. Duk wannan ta cikin gilashi na gan shi. Na daidaita komai, fuskarsa ta fito tar har ana ganin zufa a saman leɓensa. Ina ce wa kaina yanzu, yanzu. Baiti na uku ya wuce, na biyar ya wuce. Ashe yatsana yana sama, ya ɗauke kansa daga maɓalli yadda ya saba, ni kuwa na rantse miki ban san ya ɗauke ba. Abin da na sani shi ne kunnena yana zafi kamar Maigida na riƙe da shi. Ina kallo ya rufe baki, ina kallo ya juya, ina bin bayansa da gilashi taku goma sha ɗaya. Can ta gefen ido na ga mai ganga ya goge tafi a wando ya ɗaga sanduna, sai jikina ya ce to madalla, lokaci ya yi. Ganguna suka faɗo, na danna, na danna, na yi ta dannawa.

Hoto goma sha tara na ɗauka, duk masu kyau. Haske daidai, Madugu da hannu a sama, bakin kowa a buɗe. Baba kuwa ya riga ya koma wurinsa. Goshi da gira ɗaya a bayan kunnen Dogo. Ina tsaye a bayan labule ina duba su, mutane suna ta tafi, sai ga Kunne ya zo ya rungume ni. Wai ni gwani ne, ko guda ɗaya bai ji ba, in koya masa sirrin akwatin nan.

Kwana uku na yi ina ƙarya, Allah Ya yafe mini. Na ce hoton yana wurin mai wankin hoto, injinsa ya samu matsala. Kullum da safe Baba zai fito da kofin ruwan ɗuminsa, ya tsaya ya dubi ƙusar, sannan ya zauna. Ranar Laraba ya ce in ba shi lambar mai wankin ya yi masa magana da kansa, ko zai ji kunyar furfura. A nan na durƙusa na faɗa masa komai, na miƙa masa kyamarar ya ga abin da na ɗauko. Ya daɗe yana kallo. Sai ya ce ashe shi ya sa bai ji ƙyas ba, don yana waƙar yana kasa kunne wajen labule, da bai ji ba ya ɗauka akwatin sosona ne ya yi aiki har ya ji daɗi a ransa. Sannan ya ce in tashi, na yi abin da aka koya mini, mai hoton da ya san aikinsa ke nan. Yaya, da ma marina ya yi. Inna ta shige kicin ta buɗe famfo gaba ɗaya, ta daɗe ba ta rufe ba, alhali ba wanke-wanken da take yi. Da yamma ta ɗauko agogo za ta rataye a ƙusar don a daina ganinta tsirara, ya ce ta mayar da shi inda ta ɗauko.

Ban kwanta a kan abin ba. An hana ɗaukar hoto da waya a zaure, amma kullum sai an samu mai sata, don haka na bi mai sayar da tikiti, na bi masu nuna wa mutane kujera, har aka samo mini wata da ta ɗauka daga can sama. Da na duba, wani farin abu ne a cikin duhu kamar kyandir, ko Inna ba za ta ce ga mijinta ba. Na koma wurin Madugu na roƙe shi a maimaita waƙar ko da a gwaji ne. Ya riƙe kai ya ce an tattara takardun, an shiga shirin wani wasan, kuma makaɗan ba za su sake haɗuwa ba sai bayan an yi wa Baba aiki. Abin da ya iya yi shi ne ya sa aka buɗe mana zaure ranar Alhamis da rana, aka kunna mana fitilar nan ta sama. Baba ya yarda, ya sa kwat ɗin, muka je mu biyu.

Akwai yadda muke yi wa manyan mawaƙa in za a ɗauki hotonsu na talla: su tsaya su buɗe baki ba sauti, kamar suna waƙa. Da yawansu sun iya, ga su nan a bangon zaure. Baba bai iya ba. Ya tsaya daidai inda ya tsaya ranar Lahadi, ya buɗe baki, na ɗauka wajen arba'in. Duk wanda na duba sai in ga dattijo a gaban likitan haƙori. Baki a buɗe yake amma wuyan a kwance, kafaɗu a ɗage, ido kuma yana kaina yana tambaya ko ya isa haka. Mai waƙar gaske ba ya kallon mai hoto, Yaya, ba ya ma sanin da shi a duniya. Na ce masa Baba don Allah ko baiti ɗaya ne ya saki da murya, ba kowa a nan sai ni da kujeru. Sai ya rufe bakin, ya cire kwat ya naɗe a hannu, ya ce mu tafi gida. A mota ko kallona bai yi ba har muka sauka.

Inna ce ta gaya mini dalili da muka keɓe. Washegarin wasa da safe ya shiga wanka, ya gwada murya yadda ya saba yi tun kafin a haife mu, sai ta tsage a tsakiya kamar ta zakaran da ke koyon cara. Ta ce ta ji ya sake gwadawa sau biyu, sannan shiru. Tun daga ranar ko gunaguni ba ya yi in yana aski. Ya ce mata muryarsa ta ƙarshe ta riga ta fita ranar Lahadi a tsaye da ƙafafunta, ba zai bi ta da gurguwa ba. Da na ji haka na koma shago na zauna, na ce shi ke nan, na kashe abin da hannuna. Mutumin nan ya yi shekara talatin da huɗu yana jiran taku goma sha ɗaya, ɗansa mai hoto ne, kuma ranar Alhamis mai zuwa za a rufe bakin ba tare da ko takarda ɗaya da za ta ce ya taɓa waƙa ba.

Jiya da safe ne na ga wata 'yar ƙofa, kuma ke ce kika buɗe ta ba ki sani ba. Da bidiyon jaririya ya shigo, wanda take kuka kina jijjiga ta, Inna ta kunna a falo. Baba yana zaune a kujerarsa ta bakin taga. Ni ba wayar nake kallo ba, shi nake kallo, kin san halina. Na ga yatsansa ya fara bugun gwiwa a hankali. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Jijiyar nan ta wuya ta tashi, leɓensa yana motsi, kuma daga yadda yake motsin na gane waƙar: wadda yake yi mana in muna zazzaɓi, yana shafa mana baya, mai kalmomi kaɗan da ake ta maimaitawa. Sauti bai fito ba, amma saura ƙiris. Bidiyon ne ya ƙare da wuri.

Ga roƙona, kuma in kin taɓa yi mini abu ɗaya a duniya ya zama wannan. Ki kira wayar Baba ranar Talata ƙarfe huɗu na yamma a agogonmu, ke kin san ƙarfe nawa ne a wurinku. Kada ki wuce haka, don rana tana shigowa ta tagar daga huɗu zuwa biyar saura kwata, daga nan ginin maƙwabta ya tare ta. Kada ki bari jaririya ta yi barci kafin lokacin, ki bar ta da ɗan rigimarta, Allah zai yafe mana. Ki ce masa ta ƙi kwanciya, kin gwada waƙar nan tasa amma kin manta tsakiyarta, ya taimake ki. Kada kalmar hoto ta fito daga bakinki. Kada kuma ki riga shi kuka, na san ki, in kika fara shi ke nan ya koma lallashinki. In ya ce ba shi da murya, ki ce masa ita ba ta san wadda yake da ita da ba, wannan ɗin ita ce muryar kakanta. In ya tsaya ki ce ba ta yi barci ba tukuna, ya ƙara. Ki ja abin iyakar yadda za ki iya.

Ba zan ɓoye miki ba, ina tsoro. Ina tsoron muryar ta tsage masa a kunnen jikarsa ya tsani ranar, ya tsane ni da na shirya ta. Ina tsoron hadari ya taso ya cinye mini rana. Amma abin da ya fi ba ni tsoro yatsan nan ne, don waƙar lallashi ta fi baitocin Lahadi shiru. Na cire akwatin soso na jefar. Tun jiya nake kashe fanka a shago, in jira wurin ya yi tsit, sannan in danna. Na yi ya fi sau ɗari. Har yanzu duk dannawa ɗaya sai kunnena ya yi zafi, in waiga in ga ko akwai mai sanda a bayana.

Abu ɗaya ne ya ɗan riƙe ni. Jiya da yamma na ɗauka Baba yana ɗaki yana hutawa, sai na matsar da kujerarsa taku ɗaya zuwa taga, na ɗora matashi a kai ina gwada yadda haske ke faɗowa. Ina ɗagowa na gan shi a bakin ƙofa, ban san tun yaushe yake tsaye ba. Bai tambaye ni abin da nake yi ba. Ya leƙa kicin ya ce wa Inna kada ta yi saurin saka farar rigar nan a akwatin kaya, ta goge ta ta rataye. Da zai wuce ni ya ɗan tsaya, ya dubi ƙusar, ya ce da 'yar muryar da ta rage masa wai in sani babu ganga a gidansa, in wani abu ya faru a falon nan kada in tsaya jiranta. Ban san iyakar abin da ya gane ba. Na dai san ni da kujera ba za mu sa shi buɗe baki ba, sai ke da 'yarki.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, ki ce masa ya yi haƙuri da rigimar da za mu jawo masa ranar Talata. Ki gaida surukarki, Allah Ya saka mata da zaman da take yi da ke. Inna tana gaishe ki, ta ce a bidiyon ta ga kan yarinya a buɗe, ki sa mata hula. Gwaggo da Kawu suna gaisuwa. Dogo ma ya tare ni a ƙofar zaure ya ce in gaishe ki, wai da ya san haka abin zai kasance da ya yi shekara talatin ɗin nan a durƙushe. Ki shafa mini kan jaririya, ki raɗa mata a kunne cewa kawunta yana roƙon ta yi kuka sosai. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri, Ya tashi kafaɗun Baba.

Talata, ƙarfe huɗu. Zan kasance a zaune a ƙasa kusa da ƙofa, yatsana a kan maɓalli.

Ni ne ƙaninki,
Auta